Shaidar Barcin Naziru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku gyara zama, yau a hankali zan bi da ku, domin abin da ya faru a gidanmu makon nan in na kamo shi daga tsakiya za ku ce duk gidan mun zare.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Altine, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare da ke bakin titi a nan Bodinga. Babana manomin albasa ne. Yayana Mode direban tirela ne a kamfanin Hajiya Balaraba da ke Shagari, kamfanin da in ka tsaya a bakin ƙofarsa ka gama ganinsa: tirela biyu, kanta ɗaya, rumfar kwano da randar ruwa. Kantar nan shuɗiya ce mai tsagaggen gilashi, kuma Naziru ne ke tuƙa ta. Naziru kuwa shi ne mutumin da ya daɗe yana sallama a ƙofar gidanmu, sama ƙamshin turare, ƙasa ƙamshin albasa. Kullum da ƙarfe tara sai kantarsa ta wuce ta gaban makarantarmu ta yi ɗan hon, yara su haɗa baki su ce, "Malama, mai albasa." Ni kuma in ce kowa ya dubi allo.

Ranar Litinin Baba ya kira ni. Yana zaune a kan tabarma a gindin darbejiya yana ɗinke buhu, bai ko ɗago kai ba.

"Altine, yaron nan mai kanta."

"Na'am, Baba."

"Tun albasar bara na ɗanya shike zuwa. Anka cire ta, anka saida, anka dasa wata, ga ta nan cikin buhu. Shi ko har yau shina ƙohwar gida." Ya ja zare da haƙori. "Ba matsa miki nike ba. Amma ran Juma'a ki hwaɗa min, ko shi turo magabatanai, ko shi nemi wani wurin aje mota. Inuwar ƙohwar gidana ba tasha ba ta."

Na ce to, na tashi ina ta murna a ciki, don a ranar amsata a shirye take. Ban san Talata na nan tafe ba.

Kafin mu je Talata sai na yi muku bayanin dokar Hajiya, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba.

Mijin Hajiya, Allah ya jiƙansa, direba ne. Barci ya ɗauke shi a kan sitiyari a hanyarsa ta dawowa daga Kudu, bai iso gida ba. Da motocin suka dawo hannunta sai ta kafa doka guda. Ba ta miƙa wa direba makullin tirela sai ta kira matarsa a waya ta tambaye ta, "Ya yi barci?" In matar ta ce ya yi, ga makulli. In ta ce bai yi ba, direba ya koma gida ya kwanta, ko da albasa za ta yi ganye a cikin mota. Wanda ba shi da mata kuwa ba shi ba doguwar hanya. Nasa kanta ce, ya riƙa kwaso albasa daga ƙauyuka yana kawowa Shagari, manya su wuce da ita Legas. Kuma kowa ya sani a doguwar hanya samun yake.

Dokar tana da kyau. Matsalar ita ce Allah ya haɗa ta da Anti Zuwaira, matar Yaya Mode.

Wata rana Hajiya ta kira, Anti ta ce ya yi barci, Hajiya ta ce muryarki kamar ta mai rufa asiri. Anti ba ta yi musu ba. Da safiyar tafiya ta gaba sai ta naɗi minsharin Yaya a waya ta tura mata. Hajiya ta kunna a rumfa ba ta rage murya ba. Ban san wanda ya kwafe shi ba, amma yau a Shagari akwai mutanen da in an kira wayarsu minsharin yayana ne ke tashi.

To, ranar Talata bayan la'asar direbobin Hajiya suka taru a zaurenmu. Yaya Mode, da Bala mai karɓar canji a tirela, da Oga Sodangi wanda ya girme su duka, sai Naziru. Ni da Anti muna tsakar gida, ita tana tsintar shinkafa, ni ina tace zoɓon da za a kai musu. Katangar zaurenmu ba ta kai rufi ba. Ba laɓe muka yi ba, maganar ce ta same mu inda muke. Sai dai na yarda Anti ta ɗan matsar da kujerarta.

Bala ne ya fara. Wai an buɗe wani sabon kamfani a Sakkwato, ana neman direbobi.

"Motocinsu sabbi hul, ko ledar kujera ba a cire ba. Ga sanyi ciki kamar banki. Kuma ba mai kiran matarka."

"Na ƙarshen nan shi ab babba," in ji Yaya.

Oga Sodangi ya yi gyaran murya. "Na yi aiki a irin wurin nan. Suna liƙa ma mota wata na'ura, ko tsugunno kat tsaya yi bakin hanya sai waya ta yi ƙara, mi kake yi nan? Taya ta hwashe, a cire a albashinka. Albasa ta ruɓe a go-sulo, kai kar ruɓar da ita. Hajiya ko tayar da taf fara sanƙo ta riga ka gani. Ka taɓa roƙon kuɗin abinci a hannunta?"

"Ban taɓa ba," in ji Bala. "Amma ta hana ɗaukar hwasinja bisa kaya. Ta hana shan gadagi. Mutum na tsakiyar jihar Neja sai ta kira, wai ka ci abinci? Ni yaron goye ne?"

"Can ba mai tambayar ko ka ci," in ji Oga Sodangi. "Can ba mai tambayar ko kana da rai, muddin motar na motsi."

"Oga, kai matarka mai tsoron Allah ta," Yaya ya ce. "Ni hwa? Ni da gemuna, sai an nemi izinin mace kahin in ta da mota. Ranar nan na manta ban sawo manja ba, da sahe Hajiya ta kira, anka ce ban runtsa ba. Ni da niy yi barci har da mafarki."

Na dubi Anti. Ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba da ita ake ba.

"Kuma ku ji," Yaya ya ci gaba. "Har kasuwar albasa ta Legas wani ɗan dako da ban taɓa gani ba ya dube ni ya ja minshari. Legas hwa."

Oga Sodangi ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka bi. Anti ta cusa bakin zaninta a baki, kafaɗunta na rawa.

Da suka lafa sai Bala ya juya kan Naziru. "Kai ba ka ce komi ba. Kai anka fi cuta. Shekara nawa kana jan kanta kamar mai tallan kankana?"

"Ni dai kanta ba ta yi min laihi ba," in ji Naziru a hankali.

"Ah to, ai kai ka samu mahita. Malama na shiga ɗaki, makullin Legas na shiga aljihu. Aure ɗaya, riba biyu. Wa ya kai ka dabara?"

Na tsaya da matacin zoɓo a hannu ina jira. Na ce yanzu zai ce a'a, yanzu zai ce Bala ka ji tsoron Allah. Sai na ji 'yar dariyarsa, sannan ya ce, "Allah shi sa."

'Yan uwa, kalma uku ke nan, amma sai da na ajiye matacin. Zoɓon nan ban sa masa sukari ba aka kai musu, kuma ba mantuwa na yi ba.

Suka tashi a kan cewa Yaya da Bala ba za su sake taɓa mota ba sai Hajiya ta janye shaidar mata, in ta ƙi su koma Sakkwato. Oga Sodangi ya ce shi gobe zai kama hanya da tirelarsa, su yi yajinsu lafiya.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ko ɗankwali ban cire ba. Na fara lissafa abubuwa a zuci yadda nake wa yara a allo. Ya taɓa ce mini yana son Legas? Bai taɓa ba. Ya taɓa cewa ba ya so? Shi ma bai taɓa ba. Wane direba ne zai zauna a kanta yana kallon abokansa suna dawowa da katifa da rediyo? Wato ni ba mata ake nema ba, mai amsa waya ake nema. Na ɗauki wayata.

Na rubuta, "Ni kake so ko Legas?"

Ya amsa nan take. "Malama lahiya?"

"Tambaya na yi."

Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa, ya goge. Ina kallo. Can sai ga amsa: "Ai duka biyun alheri na." Ya haɗa da fuska mai dariya da hoton babbar mota.

Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan amsa, jan biro zan sa in zagaye ta, in rubuta "sake tunani" a ƙasa. Na kife wayar. Ranar Laraba da ƙarfe tara kanta ta wuce ta yi hon, yara suka ce, "Malama, mai albasa," na tashi na rufe taga. Saƙonsa na ta shigowa ban buɗe ba.

Ranar Alhamis ina dawowa daga makaranta na tarar Anti ta ci ado, leshi ruwan goro da mayafi mai duwatsu, har da jan baki.

"Malama, sa hijabinki. Hajiya ta kira taron matan direbobi, ke za ki raka ni."

"Ni matar direba ce?"

"Ke mai jiran gado ce. Taso."

Ban so zuwa ba, amma zaman ɗaki da waya a kife ya ishe ni. Na sa atamfata kore da farin hijabi, muka tari motar haya zuwa Shagari.

Falon Hajiya ƙarami ne, tsaf-tsaf, kujeru an lulluɓe su da farin yadi, turaren wuta na tashi a kusurwa. A bango akwai hoton marigayi da hula zanna, a ƙarƙashinsa ƙusoshi uku, biyu da makullai a rataye. Hajiya kanta gajeriya ce mai tabarau, tana zaune a ƙasa kan darduma da wayoyi a cikin faranti kamar goro. Samira matar Bala ta riga mu zuwa.

Bayan an gaisa an sha ruwa Hajiya ta ce, "Kun ji mazanku na son tahiya. Ban riƙe kowa ba. Amma dokar nan ba ni janye ta, don ni na san abin da nig gani ranar da anka kawo min Alhaji. Na kira ku in ji naku."

Samira ta ce, "Hajiya, tun da anka kawo dokar nan maigida ke shigowa gida da wuri. Da can sai na ji ƙarar ƙohwa cikin barci. In sunka koma Sakkwato wa za shi tambaye mu?"

"Kuma ko bai yi niyya ba sai ya gaishe ni da sahe," in ji Anti. "Har da ina kwana, kin tashi lahiya."

Hajiya ta dube ta ta saman tabarau. "Ke Zuwaira, da ke nike son magana. Shaida ba ta saidawa ba ta. Ranar manja na sani. In kinka sake, ke ma kin ɓata dokar kamar su. Wadda za ta ce bai yi ba alhali ya yi, wata rana za ta ce ya yi alhali bai yi ba, kuma wannan ita ka kashe mutum."

Anti ta sunkuyar da kai ta ce ta tuba. Ban taɓa ganin Anti ta yi laushi haka ba, har na so in naɗa a waya.

Sai Hajiya ta juyo kaina. "Wagga hwa?"

"Ƙanwar maigida ce. Malama Altine."

"Au. Ke ce malamar da ke sha min mai."

Na ce, "Ni, Hajiya?"

"Ke. Ko Dandin Mahe na aiki kantar nan, sai an ce min an gan ta Bodinga da hantsi. Na ce Naziru, an matsar da Dandin Mahe ne? Yac ce hanyar can ta hi kyau. Hanyar da tah hi kyau, mai makaranta a gehe." Ta ɗauki goro ta ɓare. "Bara da Sodangi yay yi jinya na rasa direba. Yaron nan hannunai na da sanyi, ba shi da gaggawa. Nic ce tunda a ɗakin gareji kake kwana, maigadi shi zama shaidarka, ga makullin tirela. Ya karɓa ya juya shi a hannu, ya maido min. Wai in ya tahi Legas mako guda ba shi nan, akwai yaran da sunka saba da hon ɗinai."

Samira ta ce, "Yara ko?"

"Yara, in ji shi." Hajiya ta miƙo mini ɓarin goro. "Kawo lambarki, ɗiyata. Ina son in san inda man motata ke zuwa."

Na ba ta. Ban iya haɗa ido da kowa ba. A hanyar dawowa Anti ta yi ta zungurina da gwiwar hannu tana cewa "yara ko," ni kuwa ina kallon gonaki ta taga ina murmushi kamar wadda aka biya albashin wata uku a haɗe. Na gane abin da ya faru a zaure. A gaban yayana aka tsokane shi, me zai ce? Ya ce a'a, ƙanwarka nake so? Naziru da ko sunana ba ya iya faɗa a gaban Yaya. Amsar waya kuwa, Allah bai ba kowa baki ba.

Nan ne ya kamata in kira shi. Amma sai na ce bari ya ƙara kwana ɗaya, ya koyi amsa tambaya. Na sa wayar a shiru, na yi kwanciyata.

Da na idar da sallar asuba na buɗe wayar. Saƙo ne jere tun bayan isha'i, babu wata tazara mai tsawo a tsakani, na ƙarshe ya shigo ana kiran assalatu. Na karanta duka. Akwai na murya guda ɗaya, shi ma na saurara, na sake saurara. Na ce in na isa makaranta zan ba shi amsa mai kyau.

Safiyar Juma'a muna tsakar gida. Inna na zuba koko, Anti na rarraba ƙosai, Yaya na zaune da singileti da carbi yana nuna wa duniya shi mai yajin aiki ne. Baba kuwa fara'a har kunne, domin jiya da yamma aka loda albasarsa duka a tirelar Hajiya.

"Wa za shi ja ta?" in ji Yaya. "Oga Sodangi na hanya, ni da Bala muna yaji."

"Hajiya tac ce in bar mata wannan," in ji Baba. "Kai dai ci gaba da jan carbi."

Wayata ta yi ƙara a kan tabarma. Hannuna duk mai, na ce Anti ta duba. Ta duba, ta ɗaga, kuma don Allah ya nufa sai ta danna abin da ke sa kowa ya ji.

"Malama Altine, kin tashi lahiya? Hajiya Balaraba ce."

"Lahiya lau, Hajiya. Ina kwana."

"Naziru na nan gabana. Jiya ya zo yac ce in ba shi tirela sau ɗaya, kar albasar tsohonki ta kwana biyu a rana. Maigadi yac ce ya yi barci, amma maigadin nan ya riga kowa barci, ban yarda da shi ba. Yaran zamani, wadda ke riƙe da wayarsu ita tas san darensu. Ina tambayarki. Ya yi barci?"

Ludayin Inna ya tsaya a sama. Baba ya ajiye ƙosan da ya kai baki.

Ku duba inda nake. In na ce ban sani ba, na tsira da kunyata, Hajiya ta bi maganar maigadi, albasar Baba ta kama hanya. In na ce bai yi ba, na tsayar da noman shekara guda a rana, kuma na faɗa da bakina a gaban mahaifina cewa na san yadda wani namiji ya kwana. Sai hoton nan na bangon Hajiya ya faɗo mini, da ƙusoshin da ke ƙarƙashinsa. Na tuna lokacin da saƙon ƙarshe ya shigo, na tuna nisan Legas.

Na ce, "Bai yi ba, Hajiya. Ko kaɗan bai yi ba. Don Allah kar ki ba shi."

Daga can nesa na ji muryar Naziru yana cewa, "Hajiya wallahi na ɗan runtsa," Hajiya ta ce, "Yi min shiru, an ba da shaida." Sai na ji ƙarar makulli ya koma kan ƙusa.

"Albasata," in ji Baba, a hankali, kamar mai kiran sunan wanda ya yi tafiya.

"Au, Malam, ashe kana kusa. Ina kwana. Albasarka na nan lahiya, direba ab babu. Zuwaira na nan?"

"Ga ni, Hajiya."

"Naki hwa? Ki tuna maganarmu ta jiya."

Anti ta dubi Yaya, Yaya ya dube ta yana girgiza kai yana ƙifta ido. Ta gyara zama.

"Tun isha'i, Hajiya. Ko juyi bai yi ba. In turo miki?"

"Kar ki tura," in ji Yaya da sauri.

Baba ya juya ya zuba masa ido. Yaya ya ja carbi ɗaya, biyu, ya ajiye shi.

"Baba, ai muna yaji."

"Na sani. Kai albasar Legas, ka dawo ka ci gaba. Yajin ba shi ruɓewa."

Yaya ya tashi ya shiga ɗaki neman riga yana gunaguni. Hajiya ta yi sallama ta kashe. Kaza na ta tsattsagar ɓarɓashin ƙosai a tsakar gida. Ni dai ina kallon tabarma, na san saura ni.

"Altine."

"Na'am, Baba."

"Ta ina kinka san bai yi barci ba?"

"Saƙo ya yi ta turowa, Baba. Har asuba. Ni ban amsa ba, da sahe nig gani."

"Mi ya hana ki amsawa?"

"Hushi nike yi da shi."

"Shi kuma da hushin naki a kai yat tashi za shi ja min albasa har Legas." Baba ya kurɓi koko. "Ke kuma kinka tsayar da albasar ubanki don kar shi tahi da barci a ido."

Inna ta ce, "Malam, ka bar yarinya ta ci abinci."

"Yau Juma'a," in ji Baba. "Ina sauraro."

Na ja hijabina ya rufe rabin fuskata. Na ce, "Shi turo, Baba."

"To, madalla. Allah shi sa albarka." Inna ta ce amin, Anti ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, Inna ta harare ta ta haɗiye. Na miƙa hannu zan ɗauki wayata in gudu ɗaki, sai Baba ya riga ni ɗauka.

"Amma ina da hakkin in san abin da yat tsayar min da kaya." Ya nisanta wayar daga idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Baba ajami yake karantawa, boko sai da taimako. Daidai nan Yaya ya fito yana ɓalla maɓallin riga. "Yawwa, Mode. Kahin ka tahi, karanta muna. Daga hwarko."

Yaya ya karɓa. Ya ja da yatsa, ya ja, ya sake ja, saƙo bai ƙare ba. Fuskarsa da ta kwana uku a murtuke ta fara warwarewa. Ya ɗago ya dube ni da murmushin mutumin da minsharinsa ya kai Legas, kuma yau Allah ya kawo masa magaji.

"Baba, akwai na murya ma. Shi ma in kunna?"

"Hwara da shi."

Ni na san abin da ke cikin saƙon nan, 'yan uwa. Waƙa ce, da sunana a ciki, shi ya tsara ta da kansa. Kuma Naziru, Allah ya ba shi hannun tuƙi, ya ba shi haƙuri, amma bai ba shi murya ba.

Na juya in nemi ceto wurin Anti, sai na ga ta riga ta goge hannunta a zani, ta ciro wayarta, ta matso da ita kusa da ta Yaya.